AMSOSHIN WASIƘUNKU: Gina Tanderun Bulo Na Toya Tukwane

Yau jakar tamu ta zo mana da wasiƙu uku waɗanda duk a kan magana ɗaya suka faɗa, watau toya tukwane, saboda haka muka ga gara mu haɗa su mu ba su filin gaba ɗayansa. Masu tambaya a kan ƙwarin wake ku yi mana haƙuri sai mako mai zuwa.

Wasiƙa ta farko ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Zazzau, wanda ya roƙi mu sakaya sunansa. Bayan gaisuwa, ga abin da ya ce: "Mahaifiyata da mai ɗakina maginan tukwane ne, kuma da rani da abin da suka samu muke cefane. Kwanan baya sun zuba tukwane 60 a matoya, tsakar aiki iska ta taso. Da gari ya waye muka tarar 22 sun fashe, waɗansu kuma ba su toyu ba. Aikin mako uku ke nan ya tafi a banza, tsohuwa har da hawaye. Na ji an ce akwai wani ɗaki na bulo da ake ginawa a toya tukwane a ciki. Ina da ɗan kuɗin tumaki biyu da na sayar. Shin in zuba su a wannan gini ko kuwa in bari? In zan gina, yaya ake yi?"

To Malam, Allah ya mayar da alheri, a gaishe mana da Inna da mai ɗaki. Ba mu tsaya a kan saninmu ba, sai da muka kai wasiƙar taka wurin wani dattijo da ya daɗe yana koyar da aikin yumɓu, muka kuma zauna da waɗansu mata magina. Amsar a taƙaice ita ce ka gina, amma ƙarami, kuma ka san abin da kuɗin tumakin nan za su saya maka. Wannan ɗaki dai tanderu ne, ɗan uwan wanda masu gurasa ke amfani da shi, sai dai ya fi shi girma, wutarsa kuma daga ƙasa take. Mutane da yawa suna tsammani amfaninsa shi ne ya fi matoya zafi. Ko kusa. Amfaninsa shi ne yana sa wa wuta linzami: ka tashe ta a hankali, ka riƙe ta inda kake so, ka sauke ta a hankali, iska ba ta da ta cewa.

Bari mu faɗa maka abin da ya fasa tukwanen nan 22, domin in ka gane shi, ginin ma zai zo maka da sauƙi. Tukunya ko ta bushe ƙamas a hannu, akwai sauran laima a cikin jikinta. Da zafi ya kai digiri 100 a ma'aunin Salsiyas, watau zafin da ruwa ke tafasa, sai laimar nan ta zama tururi. In wuta ta taso da sauri, tururin ba ya samun hanyar fita, sai ya yi wa kansa hanya. Ƙarar nan da ake ji "fas! fas!" a farkon tuya ita ce. Shi ya sa za ka ga Inna tana kifa tukwane a kan garwashi ko tana ƙona ciyawa a cikinsu kafin ta jera su. Ba camfi ba ne, ilimi ne.

Mashiga ta biyu tana wajen digiri 573. A nan ƙwayoyin yashin da ke cikin yumɓu suke kumbura farat ɗaya, in ana hucewa kuma a nan suke komawa yadda suke. To ka ga in gefe ɗaya na randa ya wuce wannan mataki, ɗaya gefen iska tana hura shi bai kai ba, tilas ta tsage. Abin da iskar nan ta yi muku ke nan. Waɗanda ba su toyu ba kuwa, na bakin matoya ne da wuta ba ta game su ba. Yumɓu yana daina komawa laka tun daga wajen digiri 600, amma ba ya yin ƙwarin da za a kai shi kasuwa sai ya doshi 800 zuwa 900.

Kada fa ka cike ramin matoya don ka gina tanderu. Ni mai wannan magana a gidan magina na tashi, kakata ta wajen uwa maginiya ce, kuma na ga ranar da ta toya randunan da mutum biyu ba sa iya ɗauka, cikin awa biyu ta gama, ba ta sayi bulo ko ɗaya ba. Matoya ba ta cin kuɗin gini, ba ta da iyakar faɗi, kuma yumɓun da matanmu ke haɗawa da yashi da dakakken tsingaro an yi shi ne daidai da irin wutarta. Manyan randuna ka bar wa matoya a ranar da gari ya yi tsit. Tanderu na tukwanen miya ne da tuluna da kasake da tanda da asusu da kaskon turare, kayan da ake yi da yawa kuma asararsu ke cin riba.

Sai wurin gini. Nemi tudu inda ruwa ba ya kwanciya, nesa da ɗakin ciyawa da rumbu da danga, taki 30 ko fiye, kuma ta inda hayaƙi ba zai riƙa shiga gidan maƙwabta ba. Ka gaya wa mai unguwa tun kafin ka sa fartanya, ya fi a kira ka daga baya. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, saboda haka kada bakin wuta ya dubi can. In ba yadda za ka yi, ka yi masa 'yar katanga ta kare shi.

A nan ne wasiƙa ta biyu ta shigo. Wani mai sauraronmu daga wajen Mirya a ƙasar Damagaram, garin da ya yi suna wajen ginin tukwane, ya ce yana da ragowar bulon siminti da buhu ɗaya da rabi na siminti daga ginin shagonsa, ko zai iya yin tanderu da su? Malam, kada ka soma. Siminti abokin ruwa ne, ba abokin wuta ba. Tun daga wajen digiri 300 yake fara rasa ƙarfinsa, kafin a kai zafin toya tukunya ya zama gari, wani lokaci ma ya riƙa tartsatsi yana fallatsa. Ka ajiye simintinka ka yi daɓen shago. Haka kuma rodi: in ka shimfiɗa shi a ƙarƙashin tukwane, da ya yi ja sai ya lanƙwashe, kaya su rufta cikin wuta. Abin da ke jure wuta shi ne abin da wuta ta riga ta sani, watau ƙasa.

Bulo iri uku ne za su yi muku. Akwai jan bulo ƙonanne, wanda yake ɗaukar zafi har wajen digiri 1000, ya ishe ku har da saura. Akwai bulo na musamman mai jure wuta da masana'antu ke amfani da shi, yana da tsada, in an samu tsofaffi 'yan kaɗan a sa su a bakin wuta kawai. Na uku, wanda muka fi ba mai kuɗin tumaki shawara a kansa, shi ne ka buga naka ɗanyen bulo. Ka sa kafinta ya yi maka akwatin bugu mai tsawon inci 9, faɗi inci 4 da rabi, kauri inci 3, ya ɗan ƙara kaɗan saboda ƙasa tana tsukewa in ta bushe. Ka kwaɓa yumɓu kashi biyu, yashi ko garin tsingaro kashi ɗaya, buntun shinkafa ko ƙaiƙayi kashi ɗaya. Ƙasar suri ma tana da kyau in an daka ta. Buntun nan zai ƙone ya bar ƙananan ƙofofi a jikin bulo, su ne ke hana zafi tserewa waje. Fara buga guda goma ka gani tukuna, in suna tsagewa wajen bushewa ka ƙara yashi. A shanya a inuwa kwana uku ko huɗu, sa'an nan a rana har mako biyu. Fuskar bulon da ke duban wuta za ta toyu da kanta a tuyar farko. Wajen dakan tsingaro kuma a yayyafa ruwa, domin ƙurar nan in ta daɗe tana shiga ƙirji tana lalata huhu.

Nawa za ka buga? Ga lissafinmu. Tanderu mai faɗin ƙafa 4 daga ciki, tsayi ƙafa 6, kaurin bango inci 9, kowane zagaye yana cin bulo kamar 32, zagaye kuwa 23 ko 24 ne. Ka ga wajen 750 ke nan. In ka haɗa da na shimfiɗa da ginshiƙi da bakin wuta da waɗanda za su karye, ka nufi 1,000. In ka ga ya yi maka yawa, ka yi mai faɗin ƙafa 3 da tsayin ƙafa 5, bulo 600 sun isa. Kada ka wuce ƙafa 4 a ginin farko, ko da wani ya zuga ka.

To ga ginin. Ka share wurin ka haƙa har ka tarar da ƙasa mai ƙarfi, ka daddaɓe, ka shimfiɗa bulo. Kafa turke a tsakiya, ɗaura igiya mai tsawon ƙafa 2, ka zagaya da ita ka zana da'ira. Kada ka cire turken nan sai bango ya yi nisa, da igiyar za ka riƙa auna kowane zagaye. Ana kwantar da bulo ne kansa yana duban tsakiya, tsawonsa ya zama kaurin bango, kuma haɗin zagaye na sama kada ya faɗa kan haɗin na ƙasa. Kwaɓin da za ka haɗa su da shi, yumɓun nan ne da yashi, a sa shi siriri, kada ya kai kaurin ɗan yatsa. Giɓin da ke buɗewa ta waje saboda zagaye, a cusa masa tsingaro da laka.

Tanderu hawa biyu ne, kamar soro da bene. Ƙasa ɗakin wuta, sama ɗakin tukwane. Ɗakin wuta tsayinsa ƙafa 2. A gefe ɗaya ka bar masa baki mai faɗin ƙafa 1 da 'yan kai, tsayi ƙafa 1 da rabi, sa'an nan ka ja masa ɗan zaure zuwa waje mai tsawon ƙafa 2, ka rufe samansa da baka. In ba ka taɓa ɗaura baka ba, tara jiƙaƙƙen yashi ka siffanta shi kamar bayan kunkuru, ka jera bulo a kansa, in ya bushe ka kwashe yashin. Wannan zaure kada ka raina shi, a cikinsa wuta za ta zauna a awoyin farko, zafinta kaɗai ke shiga ciki, harshenta bai taɓa tukunya ba. A ƙasan zauren ka jera bulo a tsaye da tazara tsakaninsu, itace ya hau kansu, iska ta bi ta ƙarƙashi, toka ta zuba.

Wurin da ya fi wuya shi ne daɓen da ke raba hawa biyun, don shi ke ɗauke da nauyin kaya yana kuma cikin tsakiyar wuta. Ka tayar da ginshiƙin bulo a tsakiyar ɗakin wuta, faɗinsa ƙafa 1, tsayinsa ƙafa 2. A jikin bango kuma, daidai wannan tsayi, ka turo zagaye ɗaya ciki da inci 2 ya zama matakala. Sai Inna ta gina maka sandunan yumɓu guda 12 masu yawan garin tsingaro, tsawon kowane kamar inci 21, kauri inci 4, kai ɗaya siriri sosai, ɗaya kan mai faɗi kamar inci 8. Ta toya su a matoyarta tukuna, ka ga tun yanzu matoya ta yi rana. A ɗora siririn kai a kan ginshiƙi, mai faɗin a kan matakala, su zagaye kamar wayoyin ƙafar keke. Kada a liƙe su da laka, a bar su su motsa in sun ji wuta. Tsakaninsu ta nan wuta za ta hau, inda ya yi faɗi da yawa a gitta manyan tsingaro, a bar ƙofofi kamar yatsa biyu ko uku. A yi sanduna uku ko huɗu na ajiya, don wata rana ɗaya zai karye.

Daga nan sai ka ci gaba da bango ƙafa 4. Ta gefen da ba na bakin wuta ba ka bar ƙofar jera kaya mai faɗin ƙafa 1 da rabi, wadda za a riƙa toshewa da bulo da laka a kowace tuya. Ka bar bulo biyu da ba a liƙe ba, ɗaya ƙasa-ƙasa ɗaya kusa da sama, na leƙe. Sama a buɗe yake, ba rufi ba bututun hayaƙi. In ka gama ka yaɓe waje da laka mai ƙaiƙayi, ka ɗaure bangon da waya mai kauri ko bakin ƙarfe wuri uku ta waje, ka tara ƙasa ka jingina wa ɗakin wuta. Zai tsattsage bayan tuyar farko, kada hankalinka ya tashi, kowane tanderu yana yi, a shafe da laka kawai. A bar shi mako biyu ya bushe, sa'an nan a hura masa 'yar ƙaramar wuta wuni guda ba kome a ciki. Da damina a yi masa murfi, amma sai ya huce ake ɗorawa, domin ruwan sama shi ne ajalin ɗanyen bulo.

Jeri aikin mata ne, sun fi ka sani, sai dai ka tuna musu abu uku. Manya masu nauyi a ƙasa a kife, baki da baki, gindi da gindi, ƙanana a cusa a tsakani. Kada a toshe ƙofofin daɓe, kuma a bar tazarar yatsa biyu tsakanin kaya da bango. Na uku, a cika shi fal, don tanderun da aka cika rabi wuta takan bi gefe ɗaya ta gudu. A rufe sama da manyan tsingaro hawa biyu ko uku, yadda hayaƙi zai riƙa fita ta tsakaninsu. Kada a rufe da kwanon rufi, farin hayaƙin da yake fitarwa in ya yi zafi yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Yanzu sai wutar kanta, inda duk maganar take. Wanda ya saba da matoya hannunsa yana da sauri, nan kuwa sauri shi ne asara. A fara da azahar, don ƙarshen aikin ya faɗa cikin duhu inda ake ganin launin wuta. Awa uku na farko 'yar wuta ce a bakin zaure, kamar ta dafa shayi, ko da yara suna yi maka dariya. Lokaci-lokaci ka ɗauki adda mai sanyi ko madubi ka riƙe a kan tsingaron sama. In ya yi gumi, da sauran ruwa a tukwane, kada ka ƙara ko tsinke. Sai ya fito a bushe sa'an nan ka fara tura wutar ciki, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan har awa uku ko huɗu. A wannan tsakani ne za ku ƙetare mashigar nan ta 573, saboda haka ba a zuba dami guda a tafi hira. Kaɗan-kaɗan, akai-akai. In ka ga baƙin hayaƙi ya turnuƙe, ka cika mata ciki ne, makamashinka ke tafiya sama a banza. Dakata ya washe.

Bayan isha ka zare bulon leƙe na ƙasa, ka tsaya gefe, kada ka kai ido kusa. In ka ga ja mai duhu kamar garwashin da ya fara mutuwa, kuna wajen 600 zuwa 700. Yanzu kana iya sakin hannu. In tukwanen suka yi jajawur kamar nunannen tumatir, kun kai 800 zuwa 900, nan ne masaukinku. Ka riƙe ta a nan rabin awa zuwa awa ɗaya, har na sama su kamo na ƙasa. Alamarsa, baƙin hayaƙin da ya manne wa tsingaron rufi zai ƙone su yi fes. In launin ya fara komawa ruwan lemo, kun doshi 1000, kun wuce gona da iri. Duka-duka awa 8 zuwa 10 ne. Sai a toshe bakin wuta da bulo da laka, a ƙara tsingaro da toka a sama, a tafi a kwanta. Kada a buɗe sai an kwana an wuni, sai hannu ya iya zama a ciki. Ɗoki ya sha fasa tukwanen da wuta ta bari lafiya. Yara kuma a kore su daga wurin har washegari, bangon yana riƙe da zafi ko da ba a ganin wuta.

Me ya sa muka ce kada a wuce 900? Domin randa da tulu suna sanyaya ruwa ne ta hanyar naso. Ruwa yana tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin jikinsu, iska ta ɗauke shi, ta tafi da zafi. In wuta ta yi yawa ƙofofin suna tsukewa, ka sami randa mai amo kamar ƙararrawa amma ruwanta ɗumi. Tukunyar girki ma haka, wadda aka toya da matsakaiciyar wuta ta fi jure murhu, wadda ta ƙone da yawa takan tsage a kan wuta. Ku tuna da Malam Muhammad Bah Abba na Jigawa, wanda ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000 saboda dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, mai ajiye tumatir da alayyafo kwanaki ba su lalace ba. Dabarar tasa kacokan a kan nason tukunyar waje ta dogara.

Akwai wani tarko kuma. Wata ƙasar tana da ƙananan fararen tsakuwa, irin dutsen da ake yin siminti da shi, kamar wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato. A matoya sau da yawa ba sa tashi, amma in zafi ya wuce 800 ya daɗe sai su toyu, bayan kwanaki su sha laimar iska su kumbura, ka ga tukunya tana ɓantarewa a rumfar mai saye. Ka ɗiga wa tsakuwar ruwan lemon tsami, in ta yi kumfa ita ce. Maganinta a jiƙa yumɓu a tace shi da rariya. Saboda irin wannan, tuyar farko kada a zuba aikin mako uku. A sa ƙananan kaya, a ajiye waɗansu mako biyu a gani.

Batun makamashi, ba za mu yi maka alkawarin da ba mu da iko da shi ba. Bangon nan shi ma yana shan zafi kafin tukwane su sha, saboda haka ribar tana fitowa ne in ana cika shi kuma ana yawan amfani da shi. Kara da totuwar masara da ɓawon gyaɗa da kandilo da kirare duk suna yi, ba sai an sare itatuwan gari ba, siraran makamashi ma sun fi gungume ba da harshe. Taya da leda kuwa kada su kusanci tukunyar da za a ci abinci a ciki. Ka sami ɗan littafi ka rubuta: nawa aka zuba, nawa suka fita lafiya, dami nawa aka ƙona, awa nawa. Sai an yi tuya uku za ka yanke hukunci, ta farko koyo ce. In da gidajen magina uku ko huɗu a unguwarku, ku haɗa hannu ku gina ɗaya ku riƙa karɓa-karɓa, ka ga tunkiya ɗaya ma ta tsira.

Wasiƙa ta uku daga wata Hajiya ce mai sayar da tukwane da kayan ɗaki a kasuwar Funtuwa. Ta ce masu saye suna tambayarta kwanuka masu ƙyalli irin na tangaran, shin in maginanta suka gina tanderu za su iya yi mata irinsu? Ta ce kuma wani ya gaya mata ana samun ƙyallin da dalmar tsohon batirin mota.

Hajiya, mu fara da ta ƙarshen. Don Allah kada ki yarda. Gaskiya ne dalma tana narkewa ta ba da ƙyalli a ƙaramar wuta, amma guba ce. Tana fita daga jikin kwano ta shiga abinci, musamman mai tsami kamar kunun tsamiya da nono, kuma yara ta fi yi wa illa, tana taɓa ƙwaƙwalwa. Mai fasa batirin da mai dakawa da mai toyawa duk suna shaƙa. Ba mu manta da abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400.

Tangaran na gaskiya kuwa wani aiki ne dabam. Yana son zafin da ya wuce digiri 1200, da bulo mai jure wuta, da tanderu mai rufi da doguwar hanyar hayaƙi, da farin yumɓu irin wanda ake haƙa a Ƙanƙara ta Katsina da Alkaleri ta Bauci. Jan yumɓunmu a irin wannan zafi yakan lanƙwashe ko ya narke. An yi wannan aiki a ƙasar nan. Wani Baturen Ingila, Michael Cardew, ya buɗe makarantar koyon tangaran a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, a farkon shekarun 1950, zamanin Sarki Sulaimanu Barau, ya zauna har 1965. A can Ladi Kwali ta shiga a 1954, mace ta farko, ita ce wadda hotonta ke bayan takardar Naira 20. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Amma ki lura, tulunan da ta gina aka yi musu ƙyalli aka toya a babbar wuta sun yi nauyi, ba sa naso, ba sa sanyaya ruwa, sun zama kayan ado da ake kai wa Turai. In akwai yaro a cikin 'ya'yan maginanki da ke son wannan fanni, ana koyar da shi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Abin da tanderun ƙafa 4 zai ba ki shi ne kaya masu launi ɗaya, ba baƙin tabo a gefe, masu ƙwarin da za su jure hanyar mota. In ana son sheƙi, a goge tukunya da santsin dutse tun tana da sauran danshi. Masu shafa ruwan makuba kuwa su sani shi yana son tukunya da zafinta, saboda haka in an fito da kaya daga tanderu sai a sake ɗumama su a kan garwashi kafin a shafa.

Malam na ƙasar Zazzau, in an yi tuya ta uku ka aiko mana da abin da ka rubuta a littafin nan, mu karanta wa jama'a. Lokaci ya cim mana. Masu ƙwarin wake, mako mai zuwa naku ne in Allah ya kai mu.